Awon Danshi a Shimbay

Da asuba nake fita, kafin gishiri ya fara ƙyalli,
barimar ƙarfe a kafaɗa,
gwangwanaye arba'in da biyu a akwatin katako,
kowanne da lambarsa a murfi.
Gonar audugar Biybisara ce ta farko.
Taƙi ɗaya, kamu ɗaya, kamu biyu,
ina murɗawa, ƙasa na ƙara
kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba.
Na ɗebo, na rufe da sauri
don kada iska ta sace mini rabin amsa.

A bakin kunya akwai bututun da muka dasa bara,
kansa na tangaran, cikinsa ruwa,
da ɗan agogo mai allura a wuya.
In ƙasa ta ji ƙishi sai ta tsotsa,
allura ta hau, mu rubuta.
Amma yana da iyakarsa:
ran da fari ya wuce misali
iska ta kutsa masa ciki, allura ta faɗi sifili,
ya tsaya shiru kamar wanda aka tambaya bashi.

An kawo mana wata na'ura daga Nukus,
mai yatsu uku na ƙarfe da waya.
A soka, a danna, lamba ta fito nan take.
Mun yi murna sati biyu.
Ashe gishiri take karantawa ta ce ruwa ne.
Ta ce gonar Kallibek ta ƙoshi,
alhali ganyen kankanarsa ya naɗe tun hantsi.

Tsoho Tursunbay, mai rabon ruwan magudana,
ba ya taɓa ko ɗaya cikinsu.
Durƙusawa yake, ya haƙa da yatsa,
ya dunƙule, ya buɗe tafi.
In ta zauna dunƙule, ya ce a jira.
In ta tsage gida uku, ya ce jibi.
In ta zube ta tsakanin yatsu
sai ya goge hannu a wando, ya dubi kudu,
wajen da Amu Darya ke zuwa in ta ga dama.
Ya fi ni sauri. Wani lokacin ya fi ni gaskiya.
Sai dai ofis ba ya karɓar tafin hannu,
takarda yake so, da sa hannu, da hatimi.

To, sai ɗakin awo.
In ɗora gwangwani a sikeli, in rubuta.
In jera su a tanda, zafi ɗari da biyar,
su kwana, su wuni.
Gobe in sake aunawa.
Abin da ya ragu a nauyi, shi ne ruwan.
Aikina ke nan shekara goma sha tara:
sai na kori abu sannan in san nawa ne.

Mahaifina masunci ne a Moynak.
Ya auna ruwa da gora mai tsawon mutum uku,
daga baya da gwiwa, daga baya da idon sawu,
daga baya ya daina zuwa.
Jirginsa na can kan rairayi, awaki na shan inuwarsa.
Ni 'yarsa, da giram nake auna nawa.

Lamba ta sha bakwai, ta Biybisara:
jiƙaƙƙiya, ɗari da goma sha ɗaya.
Busasshiya, ɗari da uku.
Na cire nauyin gwangwani, na raba, na sake rabawa
ko lissafi zai ji tausayi.
Bai ji ba.

Tana bakin ƙofa tun azahar,
ta kawo mini gurasa a ƙunshe cikin ɗankwali.
Ba ta tambaya ba. Ta dubi bakina.
Na ce, kina cikin na Alhamis, in an sako.
Ta ce, amsar jiya ce wannan, Ayjamal,
yau ma ai rana ta sha nata.
Na ce na sani.

Na juye ƙasarta a bokiti, na goge gwangwanin,
na mayar da murfinsa.
Gobe gonar Kallibek.